Baƙo a Kan Rufin Kwano

Ƙarar kankare tsatsa ce ta fito da Tsoho daga ɗaki. Ya ɗaga kai, sai ga wani ƙato tsugune a kan rufin gidansa, da burushin waya a hannu, yana ta aiki kamar gidan ubansa.

Tsoho bai kira mai fenti ba. Me zai yi da mai fenti, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan kwanon mutane? Ya ja kujera gindin bango ya zauna, ya zuba ido. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne karen gidan. Wannan kare da ba ya barin ko mai kwasar shara ya wuce lafiya, ga shi kwance a gindin tsani yana kaɗa wutsiya. An ba shi wani abu ya ci, ba shakka. Haka ɓarayi suke yi.

Sai kuma ya hango akwatin. Akwatin kayan aikinsa ne, wanda ya kulle a sito ya ajiye wa autansa, sai ranar da yaron ya gama makaranta ya isa riƙe burushi. Ga shi a buɗe a kan rufi, baƙo yana tsoma hannu ciki ba tare da ya duba ba. Abin da Tsoho ya mallaka da zai bar wa yaron ke nan, yaron kuma yanzu zai taso daga makaranta ya tarar an yi gaba da gadonsa.

Matar da ke kawo masa abinci ta fito da kofin ruwa. Maimakon ta yi ihu, sai ta hau tsani ta miƙa wa mutumin, har da dariyarta. Ashe da ɗan gari akan ci gari.

"Wane ne wancan?" Tsoho ya tambaya.

"Baba, ka koma inuwa, rana ta yi," ta ce, ta shige ciki.

Duk da haushin da ke cinsa, idon sana'a bai bar shi ba. Mutumin ba ya taka tsakiyar kwano, layin ƙusa yake bi, inda katako yake a ƙasa. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, amma ko sau ɗaya kwano bai loɓa ba. Ya fara shafa jan fenti daga can ƙarshen rufi, yana ja da baya zuwa wajen tsani. Ko wane ne ya koya wa wannan ɓarawo aiki, ya iya.

Nan dabara ta faɗo masa. Mai ja da baya hanyar sauka ɗaya gare shi. Tsoho ya jira har ɗanyen fenti ya rufe ko'ina, rana ta take, kwano ya ɗau zafi kamar kasko. Ya lallaɓa, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ture tsanin ƙasa.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Maƙwabta suka shigo, amma babu mai gudu, babu mai sanda. Mai shagon bakin titi ya ɗaga tsanin ya mayar inda yake. Tela kuwa kawar da kai ya yi yana goge ido. Tsoho ya bi su da kallo. Har da su?

Mutumin ya sauko a hankali, tafin hannunsa ya yi jawur da zafin kwano, akwatin a hammata. Tsoho ya cakumi rigarsa.

"Ajiye shi! Na ɗana ne. Yanzu zai dawo daga makaranta."

Mutumin ya ajiye akwatin a gabansa. Ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya cire hula, furfura ta bayyana a kansa. Ya kama hannun Tsoho ya riƙe.

"Baba, ai na dawo tuntuni," ya ce. "Ni ne autan naka."