Takobin Ƙarƙashin Kogi

Da hantsi, hadari na haɗuwa ta gabas, na'urar baƙi masu neman kayan tarihi ta nuna ƙarfe a ƙarƙashin kogi, bayan garin Kwandiko. Shekara goma wani masunci yana nutso a nan, amma ƙaninsa suka zaɓa ya nutsa, wai shi ke jin Turanci.

"Yaya, riƙe mini igiya."

Ya riƙe, zuciyarsa na tafasa.

Can sai ga ƙanin ya ɓullo da tsohon takobi. Jama'a suka ɗau kabbara, ana ɗaga wayoyi. Masuncin kaɗai ya hango saiwa ta keta wa ƙanin wando ta baya.

Ya dubi taron. Garin nan ba ya manta abin dariya.

Sai ya tuɓe rigarsa, ya shiga ruwa, ya ɗaura masa a ƙugu.

"Yaya, ɗan matsa mana, kana tare hoto."

Ya matsa.