Sabon Kan Caja a Ƙasan Akwati

Shekara talatin da ɗaya Baba Sito ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiya na wata ma'aikata, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya fitar da sabon abu ba muddin tsohon yana numfashi. A wurin aiki wannan hali ya jawo masa takardar yabo. Da ya dawo gida sai ya taho da halin.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, kunnenta ya daɗe da toshewa. Idan tana kallon bakin mutum takan gane abin da yake faɗa, amma waya ba ta yi mata amfanin komai. Shi ya sa Auta, 'yarsu da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta aiko da tab, wato babbar wayar nan mai faɗin allo, don su riƙa ganin juna.

"Baba, don Allah da kan cajarsa za ku riƙa sa shi," in ji ta a kiran farko. "Nasa ƙarfin wutarsa wat ashirin ne. Na tsohuwar wayarku biyar ne, ba zai ja shi ba."

"Wuta ai wuta ce," in ji Baba Sito. "Ke da na koya wa kunna fitila, yau ke za ki karanta mini wat?"

Ta yi dariya ta ƙyale shi. Shi kuwa ya mayar da sabon kan cikin ledarsa, ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe, ya ɗora barguna, ya kulle, ya tura ƙarƙashin gado. Ya jona tab ɗin da ɗan ƙaramin kan da ya tsufa a jikin soket. Alamar caji ta fito, ya nuna wa Inna da yatsa kamar wanda ya ci shari'a. Tab ɗin yakan wuni a jone kafin ya cika, amma ɗan fansho ba ya sauri.

Wata safiya mijin Auta ya kira shi a ƙaramar wayarsa mai madannai. Ciwon zuciyar da take fama da shi ya tashi, likitoci za su yi mata aiki da yamma.

"Baba, da ƙarfe huɗu nas ɗin asibitin za ta ba mu minti goma kafin a shiga da ita. Auta ta ce Inna take son gani."

Tun asuba babu wuta a unguwar, tab ɗin kuma saura kashi uku cikin ɗari. Wuta ba ta dawo ba sai ƙarfe uku. Baba Sito ya jona shi ya koma kujera hankali kwance. Inna ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta zauna tana jira tun da sauran rabin awa.

"Baban Auta, zai isa kuwa?"

"Awa guda cur yana shan wuta," ya ce, yana buɗe baki sosai don ta gani. "Ko doki ne ai ya ƙoshi."

Ƙarfe huɗu ta yi tab ɗin yana kashi shida. Kira ya shigo. Ga Auta kwance, an rufe mata gashi da hular asibiti, ta rame, amma tana murmushi. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Suka gaisa, ta tambayi jiki, ta yi mata faɗan rashin cin abinci, ta yi addu'a.

Baba Sito kuwa idonsa na kan lambar da ke saman allon. Biyar. Huɗu. Ga waya a jone, ga alamar caji, amma lamba sai sauka take yi, domin abin da kiran bidiyo ke zuƙa ya fi abin da ɗan kan ke iya zubawa. Ya danna kan cikin soket da ƙarfi. Ya hura bakin wayar. Biyu.

Auta ta ɗago kai daga matashi ta ce, "Inna, ki saurara, akwai abin da nake so..." Allon ya yi baƙi.

Baba Sito ya ruga ɗaki. Neman makulli, jan akwati, zubar da barguna, yage leda da haƙori. A falo ƙaramar wayarsa ta yi ƙara har sau uku a kan kujera, dab da Inna, wadda ba ta ji ba. Da ya jona sabon kan, cikin 'yan mintuna tab ɗin ya farka, lamba ta fara hawa da saurin da bai taɓa gani ba. Ya kira. Mijin ne ya ɗauka, a tsaye a baranda.

"An shiga da ita, Baba."

Ba ta fito da rai ba. Mijin ya ce shi ma bai san abin da ta so faɗa ba, don ta ce maganar tsakaninta da uwarta ce.

Inna ba ta taɓa ɗora wa Baba Sito laifi ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Sai dai wani lokaci suna zaune takan juyo ta ce, "Baban Auta, kai da kunnenka ke ji, ba ka ji ko kalma ɗaya bayan nan ba?" Sai ya girgiza kai, ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Mai karatu, ba kowane kan caja ne ke iya ciyar da tab ba, ko da alamar caji ta fito. Duba adadin wat da ke rubuce a jikinsa, ka yi amfani da wanda ya dace da na'urarka, kuma kada adana abu ya hana ka amfani da shi ranar da aka fi bukatarsa.