Silifas a Bakin Ƙofar Jirgi

Ƙofar na rufewa ya hango su ta gilashi: silifas ɗin mahaifinsa, a jere a waje, kamar a ƙofar masallaci. Yau suka fara hawan sabon jirgin ƙasan cikin gari. Tsohon ya ga daɓen yana sheƙi kamar faranti, sai ya tuɓe takalmi kafin ya shigo, har da sallama.

Jirgi ya ja, aka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Ga kuma ogan ɗan na ofis zaune a gefe, yana murmushi.

Ɗan ya zame hannunsa daga na tsohon, ya matsa taku biyu, ya duƙufa kan waya.

"Baba, wa ya rako ka?" in ji wata mata. "Ba ka da 'ya'ya ne?"

Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi kwat da takalmin da ya sha goga, ya kau da kai.

"Ni kaɗai ne, 'yata. Ɗana babban ma'aikaci ne, aiki ya yi masa yawa."

Jirgin na sulalawa, ba ƙara ba gargada, amma shi ɗan bai ga komai ba sai ƙafafun nan masu faso a kan daɓe mai sanyi, ana ɗaga ɗaya ana sauke ɗaya.

Da suka iso tasha, tsohon ya raɓo shi, ya yi ƙasa da murya.

"Fara fita, ɗan albarka. Zan biyo ka daga nesa, ba wanda zai gane."