Baƙar Magen da Ta Ƙi Zama

"Kai ma, Baba?" in ji ma'aikaciyar gidan kula da dabbobi, da dattijon ya dire kwandon a gabanta, ƙanƙara na narkewa a hularsa.

"'Yar nan, na gaji. Ba ta ci, sai kuka. Labulena ma ta mayar da shi tsumma."

Ta ja tsaki. Tun safe take kwasar kashin maguna arba'in, ga wani makahon muzuru da ya ƙi abinci wata guda, sai ɗura take masa da sirinji. Gida uku ta samar wa baƙar magen nan, duka ukun sun dawo da ita.

"Ke dai butulu ce," ta ce, tana buɗe kwandon.

Magen ta diro, ta nufi keji na ƙarshe, ta manna jikinta da wayar kejin. Makahon ya ɗaga hanci, ya lallaɓo ya lashi kunnenta. Sannan ya juya ya sa baki a kwanonsa.

Sai a lokacin matar ta tuna: a kwali ɗaya aka tsinto su. Ita da hannunta ta raba su.