Barewar Nomau

Kwaɗayi da ƙarya in suka haɗu a mutum ɗaya, Allah ya raba mu da shi.

Shekarar fari, lokacin da sojoji ke rabon jar dawa, Nomau ya zo Agadas daga Maraɗi wajen kawunsa Alkasum. Aka kawo tuwo, ya ture.

"Ni barewa zan ci, Kawu."

"Barewa? Ungulu ma ta rame. Zauna, akwai maganar da na kira ka dominta."

Bai zauna ba. Ya yini a daji bai ga ko sawun barewa ba. Sai ga akuya a kwari, ita kaɗai. Ya waiga, ya yanka ta, ya binne fata da kai. Ya gasa, ya dawo yana cika baki wai barewa ya ci, maiƙo har gemu.

Washegari makiyayi ya shigo da kan akuyar, karnuka sun tono shi. Kawu ya duba tsagar kunnen, ya tofar da yawu.

"Tir! Shaidar marigayiya ce, uwarka. Akuyar nan kaɗai ta rage a garkenta, da rabona na dawa na raya ta. Ita na kira ka ka karɓa."

Nomau ya rasa akuya, da 'ya'ya biyu na cikinta, da ƙofar gidan kawunsa.