Mutum Biyu Cikin Sifili

"Sifili cikin ɗari," in ji Oga, yana ƙwanƙwasa allon kwamfutarta da yatsa. "Kin gani ko, Anti Lissafi? Duk ma'aikatar nan babu wanda ya rasa wanda zai kira in ciwo ya kayar da shi. Buga min shi haka nan."

Ta ce to. Tambayar nan ta san ta kamar tafin hannunta. Ita ta tsara binciken jin daɗin ma'aikata, ita ta gwada shi kafin a sake shi, ita kuma ta rubuta umarnin da ke buga taƙaitaccen sakamako. Oga ba ya son ɗigo da 'yan lambobin da ke binsa, wai jiri suke sa masa. Shi ya sa ta saita manhajar ta riƙa mayar da duk abin da bai kai rabin ɗaya ba sifili.

Amma ta san sifilin nan ƙarya yake yi. Ita da hannunta ta zaɓi "babu kowa".

Yana fita ta canza layi ɗaya, ta ce a nuna mata yawan mutane maimakon kaso. Sifili ya koma biyu.

Biyu! Tun rasuwar mahaifiyarta take komawa ɗakin da fanka kaɗai ke motsi, ta ci abinci a tsaye, ta wanke faranti ɗaya. Ashe a cikin ginin nan akwai wani mai irin ciwonta, kullum suna wuce juna a matakala.

Bayanan ba su da sunaye. Ta sa aka buga mata layukan biyu. Manhajar ta nuna iya abin da faɗin allo ya ɗauka, ta yanke sauran daga dama, kamar yadda ita Anti ta saita tun farko don kada a gano kowa. Abin da ya fito ya ishe ta: mace ce, sa'arta ce, a bene ɗaya suke aiki.

Washegari ta zo da kofi na biyu. Ita da shekara da shekaru ba ta wuce "ina kwana", sai ga ta tana zagaya tebura da butar shayi.

"Ikon Allah! Anti, yau da mu ake yi?" in ji mai buga takardu. Ba ta kai ga kurɓa ba ƙanwarta ta kira, suka ɓarke da dariya a waya. Mai karɓar baƙi kuwa, ana tashi mijinta na bakin ƙofa da babur. Ma'ajiya ta cika tebur da hotunan jikoki. Kowacce ta taɓa, sai ta tarar da mutane jingim a bayanta.

Duk da haka ba ta haƙura ba. Ai mutum kan yi dariya a ofis ya je gida ya yi kuka, ita shaida ce. Magana ɗaya take so ta faɗa wa matar nan: kira ni.

Ta san in aka kama ta tana tone bayanan mutane, aikinta ya tafi. Ranar nan da rana, kowa ya fita cin abinci, ta zauna ta cire iyakar faɗin da ta sa da hannunta. Sannan ta danna.

Layukan suka miƙe har ƙarshe. Na farko nata ne, ta gane ranar da ta cike shi. Na biyun an cike shi tun kafin a buɗe binciken ga kowa, daga wannan kwamfutar da ke gabanta, kuma a can ƙarshensa an rubuta "gwaji".

Ta dubi kofin nan na biyu. Ashe ko ranar da take gwada tambayoyin ma, ba ta iya yi wa injin ƙarya ba.