Gwanin Kurket da Ƙwallon da Ya Daina Gani

Wasan kurket, in ba ka san shi ba, ga yadda yake: mutum ya tsaya da faffaɗar sandar katako a gaban turaku uku, wani ya rugo daga nesa ya wurgo masa ƙwallo mai taurin dutse, ta dira ƙasa ta taso. Ya buge ta, ya tara maki. In kuwa ta wuce shi ta kwashe turakun, shi ke nan ya fita, babu "a sake".

An yi wani gwani a wannan wasa, shekara goma sha takwas yana riƙe wa ƙasarsa sanda. Duk arzikinsa ido ne. Tun ƙwallon tana hannun mai jifa yake hango ɗinkinta, ya san inda za ta dira. Masu sharhi a rediyo har kalmomi sun ƙare musu, sai dai ka ji suna, "Kai! Kai! Jama'a, wannan mutum ne kuwa?" To, wata safiya a wurin atisaye, a cikin ragar da suke gwaji, wani mai jifan ƙungiyarsu ya sako masa guda ɗaya, bai gan ta ba sai da ta bugi ragar bayansa. Ƙiftawar ido ɗaya ce ta ɓace masa, ba wani abu ba. Amma da wannan ƙiftawar yake cin abinci. Ya waiga, ba wanda ya lura. Sai ya duƙa ya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Daga ranar ya sake salo. In masu jifan gudu suka hau layi, sai ya dafa ƙugu ya ce, "Ku je ku huta, 'yan'uwa, kada ku ƙarar da kafaɗunku a kaina. Ku ajiye wa abokan karawa." Aka ce dubi tausayi. Sai ya kira wani tsohon abokinsa da ya daɗe da barin wasa, wanda ƙwallonsa ke tafiya kamar mai zuwa ta'aziyya, ya yi ta dukanta hagu da dama, ƙarar katako na tashi, 'yan jarida na ɗaukar hoto. In aka kunna injin wurga ƙwallo, da kansa yake zuwa ya rage masa gudu, wai yau tsayuwar ƙafa yake gyarawa. Likitan ƙungiya ya sa ranar duba idanu, ranar aka yi masa baƙi. Ya sake sa wata, ranar ma baƙin ba su tafi ba.

Kocinsu dai ba yaro ba ne. Ya ja shi gefe ya ce, "Babban yaya, akwai wasa a gida wata mai zuwa. Filinmu taushi gare shi, ƙwallo ba ta tashi. Ka buga shi, a tafa maka, ka ajiye sanda da mutuncinka. Tafiyar nan ta ƙasar waje kuwa, filinsu kamar daɓe yake, masu jifansu kuma ba su san girman kowa ba." Gwani ya yi dariyar nan ta manya mai fita ta hanci. "Ni? Waɗancan ina buga wa ƙasa suna goye a bayan iyayensu. Sa sunana kawai, malam." Ba jarumta ce ta sa shi ba. Ya san in ya karɓi wasan bankwana, ya amsa ke nan cewa idon ya tafi. Ga shi kuma wata shida yana dukan ƙwallon tsoho, har shi kansa ya fara gaskata hotunan jarida.

Aka sa sunansa, aka tafi. Ranar wasa da hantsi fili ya cika maƙil, har mutanen garin suka miƙe don girmama shi lokacin da ya fito. Mai jifansu wani dogon mutum ne mara fara'a, ya ja baya kamar zai bar filin, sannan ya rugo. Ta farko gwani ya ji iskarta kawai a kunne. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya bar ta da gangan. Ta biyu ta doki hular kwanonsa, ƙau! Ya daidaita hular, ya ɗan doddoki ƙasa da sanda, wai filin ne ke da tudu. Ya nemi mutumin da zai ce wa ya je ya huta, babu. Ta uku ta tumɓuke turken tsakiya, ya yi ta wuntsilawa a bayansa.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce tsautsayi ne, kowa yakan fita da sifili wata rana. Amma babban allon filin ya maimaita jifan a hankali, har sau uku, duniya tana kallo. Ga ƙwallo ta wuce, ga turke ya tashi, sannan ga sanda ta iso, kamar fasinjan da ya zo tasha mota ta riga ta tashi. Mutane ba su yi masa ihu ba. Kawar da kai suka yi, shi kuwa ya bi doguwar hanyar nan zuwa ɗakin 'yan wasa yana jin ƙarar takalminsa. Da aka dawo gida aka fitar da sunayen wasa na gaba, nasa ba ya ciki, kuma ba wanda ya ƙara ta da zancen bankwana.

Wata shida ya ɓoye abin da jifa uku suka tona. Dama Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.